Zo Mu Zauna

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Rize,
hawa da gangara, jaka a kafaɗa,
na san ƙofar kowa, ban san zama ba.
Da na aje aiki sai hannuwana suka rasa abin riƙewa.
Na share rumfar da muke tara buhunan ganyen shayi,
na rataye zarto, na jera kurfi huɗu a bango.
Fikriye ta leƙo, ta riƙe ƙugu,
ta ce, "To, kafinta ya sauka a garinmu."

Katakon kestane na saya wajen Nihat,
na tsohon rumbu da aka rushe a kan tudu.
Ya ce, "Hulusi, icen nan ya sha ruwan shekara tamanin,
bai ruɓe ba, kai ne dai za ka riga shi."
Gaskiyarsa. Ruwan sama a nan ba baƙo ba ne,
shi ne maigida, rana ce ke zuwa yini.
Ƙusa kafin ta gama gaisuwa ta yi tsatsa,
don haka ban sa ko guda ba.
Na sassaƙa harshe, na haƙa masa baki,
ice ya ciji ice,
na soke su da turaku kaurin ɗan yatsa.

Ƙafar baya ta hagu sau uku ina yin ta.
Ta farko ta tsage,
ta biyu ta fito gurguwa,
ta uku na ba ta jinin babban yatsana kafin ta yarda.
Na bar tsaga tsakanin katakan zama
don ruwa ya wuce, kada ya kwana.
Majinginar na kwantar da ita kaɗan,
daidai yadda Fikriye ke karkata
in bayanta ya motsa bayan tsinkar shayi.
Ban tambaye ta ba. Na daɗe ina gani.

Sati shida dusar katako a gashin bakina,
a cikin miya, a kan darduma.
Na goge da samfefa har icen ya yi santsin kumatu,
na shafa mai, ya shanye,
na ƙara, ya sake shanyewa,
sai launinsa ya koma na zumar kaka.

Ran da na gama, ni da Nihat muka ɗauko ta,
nauyinta kamar ɗan maraƙi,
muka dasa ta a gindin inabi
inda ake hango Baƙin Teku in gajimare ya yi afuwa.
Ya hau kai ya yi tsalle biyu. Ko ƙis ba ta ce ba.

Da la'asar Fikriye ta fito da kofuna biyu.
Ta zauna, na zauna.
Kafaɗa ta gogi kafaɗa, gwiwa ta taɓi gwiwa.
Ta ce, "Ta yi matsi.
A takardarka na ga ɗari da ashirin,
ina sauran suka tafi?"
Na ce zarto ne ya zarme.
Ta dube ni irin duban da ta yi mini
ran da na ce wasiƙar gidansu ce ta kawo ni,
alhali jakar ba kome a cikinta.

An ce zo mu zauna, zo mu saɓa.
Mun saɓa a tsaye, mun saɓa daga ɗaki zuwa ɗaki,
a kan kuɗin taki, a kan ɗanmu da ke Jamus ba ya kira.
Yanzu in za mu saɓa
sai dai mu saɓa a manne.

Yayyafi ya fara, bai ɗaga kowa ba.
Ta ce, "Matsa."
Na ce, "Ina?"
Shayina ya huce a hannu,
ita kuwa ta miƙa ƙafa,
tana shafar wurin da jinina ya bar tabo.